Igiyar Takalmin Koci Lorraine

Duk yarinyar da ta buga ƙwallon kwando a ƙauyen nan na jihar Indiana ta Amurka ta bi ta hannun Lorraine Stuckey. Shekara talatin tana dafa abincin makaranta da safe, da yamma ta rataya usur ta zama koci. Cin wasa kuwa sai jefi-jefi, shi ya sa ta ƙware a wa'azin shan kaye. Da an tashi wasa a jera layi, a bi abokan karawa ɗaya bayan ɗaya a tafa, a ce "kun yi ƙoƙari." Mai kuka ta yi kukanta a cikin layin.

Sai dai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Shekara goma sha tara ke nan ba ta miƙa wa Bernadine Yoder, kocin garin maƙwabta, hannu ba, tun wani wasan ƙarshe da ta rantse an yi mata coge. Duk ranar da suka haɗu, ana jera layi sai igiyar takalminta ta kwance.

Wata Asabar 'yan Bernadine suka sake cinye su, kuma Josie, jikar Lorraine, ce ta zubar da jifan ƙarshe. Yara suka jera, Josie ta nufi ƙofa.

"Ke! Ina zuwa? Layi!"

"Ni ma takalmina ya kwance, Kaka."

"Ni za ki yi wa iya shege?"

"A wurinki na koya. Kuma na daina ƙwallon ma, tunda ke kanki kin kasa jure kunyar."

Lorraine ta san yarinyar da gaske take. Ta taka filin nan kamar mai zuwa cire haƙori, ta miƙa wa Bernadine hannu.

"Kun yi ƙoƙari," ta ce ciki-ciki.

"Me? Kunnena ya tsufa wurin jiran maganar nan. Ɗaga murya."

"Na ce kun yi ƙoƙari, tsohuwar banza!"

Bernadine ta riƙe hannun ta ƙi saki. "Wancan karon ma ku kuka fi mu wasa, Lorraine. Na daɗe ina so in faɗa miki."

Kunya ta rufe Lorraine, idonta ya kawo ruwa. Sai ta ji an zungure ta ta baya.

"Kaka, matsa mana, kin tare mini layi."