Fizibil a Cikin Hular Baba

Babana kafinta ne, kuma a duk Damagaram ban ga mai alfahari da yatsunsa kamarsa ba. In aka zo zancen sana'a sai ya ware hannu biyu a fuskar mutum, ya ce shekara arba'in yana kan mashin ɗin daidaita katako, a ƙirga a gani ko ɗaya ya yi ciwon kai.

Sirrin a hularsa yake. Kowace safiyar Juma'a yakan kwance mashin ɗin, ya ciro wuƙaƙensa uku ya wasa, ya kakkaɓe dusar katako, ya shafa mai. Amma kafin ya taɓa kile, wato sifana, sai ya je bango ya zare fizibil, ɗan farin tangaran da in babu shi wuta ba ta shiga mashin, ya jefa a hula ya kifa a ka. Wai aljihu ana laluba shi, amma ba mai cire wa dattijo hula.

Mun sha wuyar hular nan. Ya taɓa tafiya bikin suna a Takieta da fizibil a kansa, muka kwana biyu ni da ƙanena muna kallon katako. Da ya dawo na yi mita, ya ce ai mun huta.

Da ya haura saba'in sai mantuwa ta fara. Wata Juma'a an ɗauke wuta tun asuba. Na shigo atelye, wato shagon aikinmu, na tarar da shi ya zura hannu har wuyan hannu cikin mashin, yana kwance wuƙa ta biyu. Hula na rataye a ƙusa saboda zafi. Na dubi bango, ga fizibil zaune a wurinsa.

In wuta ta dawo yanzu, mashin na iya tashi da hannunsa a ciki. In na yi magana ya zabura, wuƙa ta yanke shi, kuma na kunyata shi gaban masu jiran aiki. Na bi ta bayansa kamar mai neman guduma, na zare, na sa a hular. Ba a jima ba fanka ta fara juyawa, wuta ta dawo.

Da ya gama ya ɗauki hula, abin ya faɗo a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ka gani ko? Ban taɓa mantawa ba," in ji shi.

"Ai mun sani, Baba."

Juma'ar da ta biyo na tarar da shi zaune a benci, bai taɓa komai ba. Ya miƙo mini kile, sannan ya cire hular ya kifa mini a ka. Ta yi mini yawa, har ta rufe mini kunne.

"Ƙaramin kai gare ka, amma yana aiki," ya ce. "Je ka zare."

Na juya bango da sauri don kada ya ga idona.