Barmo Mai Gurmi da Kakan Aro

Idan ka shiga ƙasar Allakaye ka tambayi gidan Barmo mai gurmi, ba za ka sha wuya ba. Tsofaffi za su nuna maka da hannu, matasa su nuna maka da haɓa suna dariya. A ƙauyen Dogon Kware yake, gida na ƙarshe kafin a gangara fadama. Da ka yi sallama, tun ba ka gyara zama ba, zai fara ba ka labarin kansa, don bai taɓa yarda akwai wanda ya iya ba da shi daidai ba.

A faɗarsa, ranar da aka haife shi tsuntsayen garin kaf shiru suka yi, sun san uban gidansu ya iso. Fatar da ke kan gurminsa ta wani guza ce da ya zo da ƙafarsa ya kwanta a ƙofar gida yana jiran wuƙa. Sau uku ya kira ruwa da waƙa a tsakiyar fari, sau uku ruwa ya zo. Babban labarin kuwa shi ne na wani mawaƙi ɗan Ibohamane da ya zo gasa da shi suna samari. Barmo ya ce baiti ɗaya ya yi, ƙasa ta haɗiye mutumin zuwa gwiwa. Ya ƙara na biyu, ya nutse zuwa ƙugu yana roƙon gafara.

Matarsa Suwaiba, wadda ta kwashe shekara hamsin da wani abu tana jin waɗannan labarai, tana da nata bayanin. Fatar guza a kasuwar Madawa aka saya, ita ta ɗauko ta a kai. Ruwa kuwa, Barmo ba ya ɗaukar gurmi sai gwiwarsa ta fara ciwo, tururuwa sun fara kwashe ƙwai. Ɗan Ibohamane kuma jakinsa ne ya kafe a taɓo bayan ruwan dare, kuma Barmo na cikin waɗanda suka ja shi. Daga bayan zana take faɗa, da ƙarfi yadda baƙo zai ji, shi kuwa sai ya ƙara wa tsirkiya duka.

To amma duk wannan shaci-faɗi ba shi ne ya sa Barmo ya zama Barmo ba. Abin da ya gada na gaske waƙar fadama ce. Doguwa ce, ana iya cin tuwo a wanke hannu ba ta ƙare ba. A cikinta akwai sunan duk wanda ya sare daji a kwaren nan, daga ina zuwa ina, wa ya gina wace rijiya, wa aka ba aron fili. Ubansa ya koya masa, shi ma daga nasa uban. A garin ba a san takardar gona ba. Idan rigimar iyaka ta tashi, hakimi kan aika a kira Barmo, ya zauna a tabarma ya rera wurin da ake gardama, magana ta mutu. Mutane da yawa sun koma gida da haushinsa, amma ba wanda ya taɓa ce masa ƙarya ya yi.

Matsalar waƙar ɗaya ce: ba ta da kunya. Kakannin Dogon Kware anna ne, masu bin iskokin gargajiya, kuma waƙar ta riƙe su yadda suke, da yankansu da tulunan giyarsu. Jikoki kuwa yanzu kowa da tasbaha a hannu. Sai aka shiga zuwa wurin Barmo ɗaya-ɗaya, da kwanon hatsi ko goro, ana rage murya. Wannan ya ce a cire bunsurun da kakansa ya yanka. Wancan ya ce a sa wa nasa “Malam” a gaba. Barmo ya yi ta aski yana wanke matattu, har garin ya wayi gari kowa jikan waliyyi ne. Sunayen dai bai taɓa ba, kuma da hakan yake ƙafafa.

Baiti ɗaya ne ya bari yadda ya same shi, na kakansa Nomau, wanda ya gina rijiyar garkarsu, garkar da gidan ke noman albasa duk rani:

Nomau na Doguwa, mai sa dutsi kuka,
Yay yanka baƙin bunsuru gindin gawo,
Yag gina gaba bakwai, ruwa yaz zo.

Wannan baiti shi ya hana autansa Mahfuzu sakat. Mahfuzu yana da shagon salula a Madawa, bakin babbar hanya, ya tara gemu mai kyau, yana sahun farko, kuma ana maganar sa shi cikin masu kula da masallacin unguwa. Wata rana wani ɗan kabu-kabu ɗan garinsu ya kira shi “jikan mai bunsuru” a gaban mutane. Washegari da hantsi sai ga shi gida a kan babur, da ƙunshi a baya.

Ya durƙusa ya gaishe da uban, ya kwance ƙunshin. Babbar riga ce fara ƙal, da rawani.

“Baba, waƙag ga taka tana ba ni kumya,” in ji shi. “Duk inda nit tahi ana yi min dariya.”

“To mi za ni yi? Nomau kakana na. Ba kasuwa niz zaɓo shi ba.”

“Ai ka gyara ma kowa nashi. Mu kaɗai munka rage anna garin ga. Ka sa Malam Ilyasu wurin, tunda gidanmu yas sauka. Kusan ɗan gida na.”

Shi Malam Ilyasu ba ƙirƙira ba ne. Malami ne baƙo da ya taɓa sauka gidan Nomau damina biyu, ya ci tuwonsa, ya yi masa wa'azi bai ji ba, ya tattara allunansa ya wuce Ibohamane. Sunansa dai ya yi ƙamshi a ƙasar har yau.

Suwaiba ta jefo magana daga bayan zana: “Maigida, rigag ga ta hi ƙarhin wuyanka. Maida mishi abinai.”

Da Mahfuzu ya tsaya a riga, da watakila Barmo ya ji ta matarsa. Amma yaron ya san inda uban ke ƙaiƙayi. Ya ciro salula ya ce zai ɗauki waƙar da hoto, ya watsa ta. Za a ji muryar Barmo a Tawa, a Yamai, a Abijan inda 'yan ci-rani suke, har Makka. Tsoho ya shiga shafa rigar. Shi da ya nutsar da mutum a ƙasa da baiti biyu, a ce duniya ba ta san shi ba? Ya tashi ya sa riga, aka naɗa masa rawani har ya rufe kunne, aka kai shi bakin rijiyar aka zaunar. Ya gyara murya:

Malam Ilyasu mai allo da tawada,
Yay yi bisimilla gindin gawo,
Yag gina gaba bakwai, ruwa yaz zo.

Gaskiya, sabuwar waƙar ta yi daɗi. Ta ma fi ta asali shiga kunne, abin haushin ke nan. Kafin sati biyu ta zagaye salulolin ƙasar Adar. Mahfuzu ya samu kujerarsa a masallaci. Barmo kuwa kullum da la'asar sai ya tare duk mai wucewa ya ce a kunna masa ya ji kansa, yana gyaɗa kai kamar wani ne daban ke yi.

Bayan an cire albasa, wata mota ta tsaya a ƙofar hakimi. Wanda ya fito Alhaji Hamidu ne, babban ɗan kasuwar albasa daga Ibohamane, mutum mai fara'a da sanyin magana, kuma tattaɓa-kunnen Malam Ilyasu na jini, wanda kowa ya san asalinsa. Ya ce shi bai zo da faɗa ba. Waƙa ya ji a salula, ta tuna masa ashe kakansu ya bar rijiya da garka a nan, kuma yana godiya ga waɗanda suka riƙe musu amana tsawon shekaru. Yanzu ya zo karɓa.

Aka sa rana, aka taru a inuwar ƙofar hakimi. Mahfuzu ya zo daga Madawa ko karin kumallo bai yi ba. Kamar yadda aka saba, hakimi ya ce a kira mai waƙar fadama, yana kallon ƙasa, don ya san mai waƙar shi ne mai garkar. Barmo ya zo da tsohuwar rigarsa. Ya zauna, ya ɗaure tsirkiya, ya rera baitin Nomau da bunsurunsa da Doguwarsa, bai rage ko harafi ba. Muryarsa ta fita tas, irin ta da.

Alhaji Hamidu ya bari ya gama. Sannan ya ajiye salula a tsakiyar tabarma ya danna. Ga Barmo cikin farin rawani, ga rijiya a bayansa, ga gawo.

“Baba Barmo,” in ji hakimi, “wanga kai na?”

“Ni na, ranka shi daɗe.”

“Tilas anka yi maka?”

“A'a.”

“To wace ta gaskiya, ta jiya ko ta yau?”

“Ta yau. Waccan don kumyar yaro niy yi ta.”

Alhaji ya yi murmushi. “Ranka shi daɗe, waccan ya yi ta babu mai gardama da shi. Wagga ya yi ta garka na shirin kuɓuce mishi. Ni ban ce komi ba.”

Barmo ya juya wajen dattawan gari. Akwai aƙalla mutum shida a wurin da suka ji baitin Nomau tun suna goye. Ya kira su da suna. Ɗaya ya shiga jan tasbaha. Ɗaya ya ce kunnensa ya yi nauyi bana. Wa zai buɗe baki ya ce kakannin garin anna ne, alhali nasa kakan yana kwance cikin waƙar da sabon rawani? Ai in aka fara tone-tone ba a san inda za a tsaya ba. Barmo ne ya wanke su da hannunsa, kuma wankin ya kama da kyau.

Hakimi ya ce mawaƙi mai waƙa biyu ba ya zama shaida. Ya raba garkar: ɓangaren tudu ga gidan Barmo, ɓangaren rijiya ga Alhaji. Kowa ya san garkar da babu rijiya sunanta fili. Mahfuzu ya fashe da kuka a gaban jama'a yana rantsuwa shi jikan Nomau ne, anne ɗan anne, kowa ya shaida. Jama'a suka watse.

Tun daga ranar ba a sake kiran Barmo rigimar iyaka ba. Wannan ya fi ci masa rai fiye da albasar, kuma bai ɓoye ba. Ya daina ba baƙi labarin guza da na ɗan Ibohamane. Suwaiba ta rasa abin gyarawa daga bayan zana, gidan ya yi shiru irin wanda ba ta so.

Da rani ya zagayo, wata safiya ya ɗauki gurmi ya gangara fadama. Alhaji ya sa an ɗaure bakin rijiyar da siminti, an kafa injin ban ruwa. Mata har daga ƙauyukan kusa suna zuwa da kwalabe ɗibar ruwan Rijiyar Malam don neman tubarraki. Barmo ya zauna gindin gawon, ya jira aka kashe inji, ya fara rera baitin kakansa a hankali.

Mai kula da injin, wani magidanci baƙo da Alhaji ya kawo daga nesa, ya matso yana share hannu, fuskarsa cike da murna.

“Lalle Baba ka iya! Muryarka kamar ta mai ita. Sai dai ka yi kure wuri guda. Ba Nomau a ka cewa ba, Malam Ilyasu na. Tsaya in sa maka ta ainihin ka ji.”

Ya ciro salula ya kunna. Barmo ya zauna ya saurari kansa har ƙarshe.