Monitar da Ke Sha Daga Ƙarshe

Ranar Lahadi ta farko bayan hutun sanyi, ina aji biyar a wata makaranta da ke unguwar Al Nahda, a birnin ƙasar wajen da muke zaune inda Lahadi ce farkon makon karatu, malamarmu Mis Rosa, 'yar ƙasar Filifin, ta kira ni gaban aji ta maƙala mini jan bajo a ƙirji, ta ce daga yau Hauwa ce monita. Na koma kujerata ina taku ɗaiɗai, kaina ya kumbura. Da ma Allah Ya yi ni da son girma, don a gida ƙannena sun sha wuya a hannuna, daga kwashe shanya a baranda har saukar da shara daga hawa na tara. Babban aikin monita shi ne shirya layi a gaban na'urar ruwan sanyi idan mun dawo daga guje-guje a filin wasa. Mu talatin ne, gorar ruwa ɗaya ce a kan na'urar, kuma ba a ɗora wata sai washegari. Ni nake fara sha, tunda ni ce shugaba: in shanye kofi biyu, in goge baki, sannan in juyo in daka tsawa. Ko kallo ban ishi 'yan ajin ba. Ture-ture ake yi, ruwa na malala a ƙasa, marasa ƙarfi su koma aji da ƙishinsu. Ranar Alhamis Mis Rosa ta ce ta ƙara mini mako ɗaya tak, in layi bai gyaru ba za ta cire bajon a gaban kowa.

A motar makaranta na tsare abokaina cikin fushi ina tambayar abin da ya sa suka raina ni. Anjali, 'yar Indiya da muke hawa ɗaya a gininmu, ta ce ai ba su zaɓe ni ba. A garinsu, in ji ta, kakarta da ko sunanta ba ta iya rubutawa tana bin layi a rana ta jefa ƙuri'a, a ɗiga mata tawada a farce, kuma manyan ƙasa na tsoron wannan farcen. Wei, ɗan Sin mai gilashi, ya ce shirme ne, a wurinsu tun zamanin kakanni jarrabawa ke kai mutum ofis, ni kuwa ta goma sha ɗaya na zo. Noi, 'yar Tailan, ta yi magana a hankali kamar kullum, ta ce hoton sarkinsu yana sama da na iyayenta a bangon falo, domin ubansa sarki ne, kakansa ma haka. Sai ta tambaye ni da zuciya ɗaya ko Babana ya taɓa yin monita. Fushina ya koma mamaki. Ban taɓa sanin cewa dalilan da ke sa mutane su yarda wani ya shugabance su suna da yawa haka ba, ga shi duk sun taru a mota ɗaya, kuma ni ko ɗaya ban da shi.

Babana ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a unguwar Deira, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake ce mini. Da ya ga na kwana biyu ina cika ina batsewa, ranar Asabar ya ce, "Yalla, maza, Uwata, shiga mota mu je ƙauyen Hatta ki sha iska." Muka bar dogayen benaye, muka ratsa jan rairayi, har duwatsu suka taso a gabanmu, baƙaƙe, tsirara, ba ko ciyawa. A gindinsu kuma sai ga kore shar: dabino, lemun tsami, mangwaro, da wata siririyar magudana da ke fitowa daga cikin dutse tana ratsa gonaki. Falaj suke kiranta. Na tsoma hannu na ji sanyi har cikin ƙashi, na rasa yadda aka yi dutse mai zafi haka ya haifi ruwa.

A inda magudanar ta rabu biyu wani tsoho ne tsugune, siriri, zanensa ya jiƙe da laka, da tsohon agogo a hannu. Manoma huɗu na tsaye a kansa, har da wani mai ƙiba da ya sauko daga wata dalleliyar mota. Tsohon ya dubi agogo, ya ce "Khalas," wato ya isa haka, ya ɗauki dutse da tsumma ya toshe hanyar gonar mai motar, ya buɗe ta maƙwabcinsa. Mai motar sai ma ya ɗora hannu a ƙirji ya juya. Na riƙe rigar Baba na ce ya tambayar mini tsohon, wa ya naɗa shi? Baba ya yi masa sallama, suka daɗe suna gaisawa, sannan ya riƙa fassara mini. Aikin rabon ruwan na uban tsohon ne, wanda da inuwar sanda da taurari yake auna rabo. Shi ma ya shekara yana koyo a bayansa, kuma da uban ya rasu dattawan ƙauye suka zauna suka amince da shi. Na ce a raina, to, ga na Noi, ga na Wei, ga na Anjali. Amma tsohon ya dube ni ya yi dariya, ya nuna can ƙarshen kwari inda wasu 'yan bishiyoyi ke tsaye. Baba ya ce, "Ya ce waccan ce gonarsa, ita ce ta ƙarshe a magudanar. In aka ci rabon wani, dabinonsa shi tsohon ne ke fara bushewa." Har muka iso gida maganar tsohon nake juyawa a raina.

Ranar Lahadi na koma bayan kowa na tsaya, zuciyata na tafasa, don ban yi shi da daɗin rai ba. Aka yi ture-turen da aka saba, kafin a zo kaina gora ta ƙare ƙarƙaf. Na koma aji maƙogwarona kamar an zuba yashi. Litinin ma haka, har na yi kuka a banɗaki na ce tsohon nan ya cuce ni. Ranar Talata, ban ma buɗe baki ba, na ga Wei ya tsiyaya rabin kofi, ya waiwayo ya dube ni, ya matsa. Na bayansa ma ya waiwayo. Haka suka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sha ya juyo ya duba ko ruwan zai kai gare ni. Da na iso akwai saura, ya ɗan yi ɗumi, bai cika kofi ba. Mis Rosa na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, kuma ba ta sake tayar da maganar cire bajon ba.

Yanzu na girma, ina aiki a wannan birni dai, abokan nan kuwa kowa ya koma ƙasarsa. Hatta ta cika da masu yawon ƙarshen mako da 'yan kwale-kwale a madatsar ruwa. Na taɓa komawa kwarin ina neman tsohon, ban gane mararrabar ba, ga shi ko sunansa ban tambaya ba. Nakan ga shugabanni a talabijin, wani ana rantsar da shi, wani ana naɗa shi, wani sojoji na fareti a gabansa, sai kewar wannan tsugunon a bakin ruwa ta kama ni. Har yau abu ɗaya nake so in sani game da kowannensu: a ina gonarsa take?