Haƙoran Mutumin Gabi

Shekarata ta biyu ke nan ina wankin haƙora a gidan likita na Madarunfa. Ni ba lokotoro ba ce, wato likita, ba na cire haƙori. Aikina kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, yawanci na goro da taba, da koya wa mutane goge baki.

Kowace safiya, kafin in kira mutum na farko, sai na dafa ƙarafan aikina. Na'urar dafa su da kuran, wato wutar lantarki, take aiki, kuran kuwa sai ya ga dama, don haka akwai wata tukunya mai fito da nake ɗorawa kan gaz. Tana tafasa ina goge kujera, in jera auduga da safar hannu, in duba takardun masu randebu, waɗanda aka sa wa ranar zuwa. Daga ƙarshe in wanke haƙoran koyarwa. Muƙamuƙi ne na roba, sama da ƙasa, dasashi jawur, girmansa ya kusa na jaki.

Ran nan famfon ɗakina ya ƙi kawo ruwa, sai na fita da shi famfon waje, dab da bencin masu jira. Na wage shi, na hau dirza da buroshi da sabulu, raina a ɓace. Wata tsohuwa daga Safo, kumatunta a kumbure, ta zuba mini ido.

"Ɗiyata, wanga hwa?"

Ni hankalina yana kan jan dattin da ya ƙi fita. Jiya na ba wani mutum shi ya gwada gogewa, ya damƙe shi da hannun goro. Na ce, "Wani mutumin garin Gabi ne jiya, Inna. Duba yadda ya ɓata shi da goro."

"Shi mutumin yana ina?"

"Ya koma gida tun jiya."

"Hakanan?"

"Hakanan mana."

Tukunya ta fara fito, na ruga ciki in sauke. Da na fito kiran na farko, benci wayam, sai wani dattijo mai nauyin kunne da takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa. Gardinmu, mai gadin ƙofa, yana riƙe da ciki don dariya, da ƙyar ya nuna mini ƙofa.

Na hango masu jiran suna tserewa, na bi su da gudu ina kira, ashe muƙamuƙin yana hannuna, yana buɗewa yana rufewa. Wani ɗan kasuwa na garin Ɗan Issa ya waiwayo sau ɗaya, ya tayar da babur. Tsohuwa ta riga ta haye amalanken jaki, ta toshe baki da gyale.

Gardi ne ya cece ni. Ya karɓi abin, ya buga shi da bango, ya lanƙwasa shi, ya miƙa mata. Ta taɓa da ɗan yatsa, ta sansana.

"To don mi ba ki ce roba ce ba?"

"Ba ki tambaya ba, Inna."

"Na tambaya sau ukku!"

Ta dai dawo ta hau kujera, amma har na gama tana riƙe da haɓarta da hannu biyu. Da ta tashi ta bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da harshe, sannan ta sa mini albarka. Ɗan kasuwar sai mako na gaba ya dawo, tare da yayansa, wanda ya tsaya a kaina har na gama.