Shaidar Firinsifal

Kafin in zo New York ni malamin wasanni ne a wata makarantar kwana ta maza a ƙasar Kano, kuma ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba. Da usur a wuya nake wuni. Ni ke fitar da yara gudun safe, ni ke shata fili da farar ƙasa, ni ke raba gardamar langa idan ta kusa zama dambe. Sauran malamai suna tsokanata wai na yi karatun tsalle, ni kuma in ce su zo mu zagaya fili sau ɗaya mu ga wanda za a ɗauko ranga-ranga.

A ƙarshen shekarun tamanin na sauka unguwar Park Hill, a wani tsibiri na birnin. Aikin da ya samu shi ne tura marasa lafiya a keke a wani asibitin gwamnati, irin wanda mutum ke shiga ya yi watanni, wani ma shekaru. Kullum bas zuwa bakin ruwa a St. George, jirgin fito zuwa Manhattan, sannan jirgin ƙasa. In ɗauko wannan in kai shi hoto, in mayar da wancan gadonsa. Halal ne, ban raina ba, amma raina bai taɓa kwanciya da shi ba.

A hawa na biyu akwai wani ɗaki mai faɗi da wata dattijuwa Ba'amurkiya ke riƙe da shi. Ita ce mai kula da nishaɗin marasa lafiya, albashinta ke nan, aikinta ke nan. Takan jera su a da'ira, masu shanyewar ɓarin jiki da tsofaffin da suka daina magana, ta jefa musu balan-balan su riƙa bugawa, ko ta sa kiɗa su motsa kafaɗa daga zaune. Nawa kawai in kawo su in tafi, amma ƙafata ba ta yarda. Da ta lura sai ta fara miƙo mini ƙwallo. Ranar da wani tsoho da ya daɗe bai ɗaga hannu ba ya cafe abin da na jefa masa, har ya yi mini gwalo, sai da na fita baranda na share ido. Na ji na koma mutum.

Da lokacin ritayarta ya matso, ita da kanta ta ce in nemi gurbin. Nan na gane wasa ma a ƙasar nan sai da takarda. Matar ofishin ɗaukar ma'aikata ta yi mini bayani dalla-dalla: ko dai digiri a fannin, ko karatun da bai kai digiri ba a haɗa da shekarun aikin jagorantar wasanni, kuma wanda ya shugabance ka ya shaida da bakinsa. Takardata ta kwalejin horar da malamai an kai ta wani ofis an auna, aka dawo da ita wai ba ta cika mudu ba. Na yi ta zirga-zirga har takalmina ya fara buɗe baki. Abin da ya rage mini shi ne shaida. To makarantarmu ko wayar tarho babu, kuma firinsifal ɗin da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya daɗe da barin aiki.

Wata Juma'a a masallaci a Bronx wani ɗan garinmu ya ce mini, “Ai firinsifal ɗin naka yana nan unguwar Mount Hope gidan ɗansa, an kawo shi aikin ido.” Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Na sayi turare da lemo na tafi. Na same shi a kan kujera, ido ɗaya a rufe da auduga, ya tsufa amma muryar tana nan, wadda idan ta tashi a filin taro har mu malamai muke gyara tsayuwa. Na zube a ƙasa na gaishe shi. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi iyali, ya sa mini albarka. Sai can na ce akwai aikin da nake nema a asibiti, na wasanni da marasa lafiya, za su kira shi su tambayi abin da na yi a makaranta.

“Ka bar mini wannan, ɗana,” ya ce. “Turawa ne? Mun zauna da su tun kana goye.”

Na yi godiya na miƙe. Wa ya isa ya zauna gaban firinsifal ɗinsa yana tsara masa abin da zai faɗa? Na ba ɗansa lambar ofishin, na ba ofishin lambar gidan, na hau jirgin fito ina kallon ruwa ina tsara wasannin da zan fara da su. Har dara na yi niyyar koya musu da marafan kwalba.

Bayan 'yan kwanaki matar ofis ta aiko a kira ni. Tun daga yadda ta ce in zauna na san ba lafiya. Ta ce sun yi magana da shi, mutum ne mai kirki, kuma ya yabe ni sosai. Sai dai ya ce ni malamin kimiyya ne, kuma ni ne na hannun damansa a harkar mulkin makaranta. Da ta tambaye shi wasanni fa, sai ya ce a makarantarsa ba a ɗora wa mutum mai ƙwaƙwalwa irina wannan, ƙananan malamai ke yi.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni da kimiyya! Ko ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ban taɓa riƙe makullinta ba. Na fara rantsuwa da Turancin da ya gudu ya bar ni, ita kuwa tana kallona da tausayin da ya fi zagi ciwo. Ta ce abin da na rubuta da abin da ya faɗa ba su haɗu ba, ba yadda za ta yi. Amma idan ya sake kira kafin ƙarshen mako ya gyara maganarsa, za ta mayar da sunana cikin masu nema.

Ranar Alhamis na tashi aiki na nufi Mount Hope, ina tafe ina haɗa magana a raina, mai laushi a waje mai ƙashi a ciki. Na tarar da falon cike da baƙi 'yan dubiya, har da wani Alhaji ɗan Kumasi mai shago da wasu ma'aikata biyu 'yan Nijar. Firinsifal yana jin sallamata ya ɗaga hannu.

“Ga shi nan! Yanzu nake ba su labari. Ai na wanke ka tas. Matar nan har sai da ta rasa abin cewa.”

Na durƙusa. Na bari aka gama dariya, sannan na sassauta murya na ce, “Ranka ya daɗe, ai aikin wasannin suke nema. Shi ya sa suka tambaya.”

“Na sani,” ya ce. “Ta faɗa mini, kai ma ka faɗa mini. Shi ya sa na yi abin da na yi. Ka ƙetare teku ka zo nan, da gemunka, ka koma jefa wa tsofaffi balan-balan? Yanzu sun san ko kai wane ne, sai su nemo maka office.”

Alhajin Kumasi ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, babba babba ne. Ni kuwa zuciyata tana tafasa. Wannan shi ake kira gyaran gangar Auzinawa. Na haɗiye, na ce da zai taimaka ya sake kiranta, ya ce mata ko da na ɗan taɓa riƙe wasannin ne, shi ke nan.

Fuskarsa ta canza. “In kira mace in ce mata ƙarya na yi? Dattijo ba ya magana biyu.” Sai ya miƙo hannu yana laluben kaina har ya dafa, muryarsa ta yi ƙasa. “Ɗana, duk shekarun nan abin yana damuna. Ina zaune a ofis ina hango ka ta taga cikin rana da gajeren wando, kana bin yara da gudu, in ce wannan yaron ɗan mutunci ne, na wulaƙanta shi. Ba wanda zan sa ne a lokacin. Allah Ya ba ni dama na gyara kafin in mutu.”

Wannan ta fi rasa aikin yi mini ciwo. Shekarun da na fi alfahari da su a rayuwata, ashe mutumin da nake yi don ya gani ya yaba, tausayina yake ji ta taga. Ina da amsa, tana nan a bakina, har yau ina iya faɗarta. Amma hannunsa na kaina, idonsa ɗaya na zubar da ruwa, baƙi suna jiran su ji abin da ɗan kirki zai ce.

Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe. Allah Ya saka da alheri.”

Duk falon suka ce amin. Gurbin aka ba wani saurayi mai digiri, yaron kirki ne, ba ruwansa. Ranar da ya fara aiki ni na turo masa mutanensa ɗaya bayan ɗaya, na jera su a da'ira, na ja ƙofa na fita.