Laffayata a Shafin Likitoci

Ban gaya wa kowa ina zuwa asibiti ba, sai mijina. Mun daɗe da aure haihuwa ba ta zo ba, ni kuwa na tsani kallon tausayi. Duk ranar ganin likita sai in rufe shagon turarena a unguwar Moduganari, in ce wa maƙwabta na tafi sarin kwalabe.

A sashen mata akwai matasan likitoci da ke neman ƙwarewa a hannun manya. Suna da kirki, sai dai waya ba ta barin hannunsu. Sashen yana da shafi a Fesbuk inda suke nuna aikinsu, don sababbin likitoci su yi sha'awar zuwa koyo a wurinsu. Wata safiya suka jeru a baranda da fararen rigunansu, mu muna zaune kan benci a bayansu. Na ga an ɗaga waya, na kawar da kai, ban ƙara tunawa ba.

Ina cikin haɗa turaren humra a shago saƙon ƙanwar mijina ya shigo: "Anti, wannan ba ke ba ce?"

Hoton ne. Sun liƙa wa kowace mara lafiya fure a fuska, wai sun rufa mana asiri. A saman kawunanmu ga allo da manyan baƙaƙe, yana faɗin cewa nan ake duba masu neman haihuwa. Ga ni cikin koriyar laffayar da surukata ta kawo min daga Umra, wadda duk dangi sun gani a jikina. A garin nan wa yake jiran fuska kafin ya gane mace? Tun daga bakin layi ake sanin laffaya da irin naɗinta. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ido in dubi mai sayen turaren da ke gabana.

Washegari na je asibitin da faɗa a bakina. Likitar da ke kula da shafin yarinya ce, ba 'yar garin ba.

"Hajiya, ai mun rufe fuskoki," in ji ta.

"Kin rufe fuska, kin bar ni tsirara," na ce mata.

Ta goge hoton a gabana, tana ta ba ni haƙuri. Amma ya riga ya zaga wayoyin dangi.

Na daina buɗe shago. Wadda na fi jin nauyi ita ce surukata, don ko sau ɗaya ba ta taɓa yi min maganar haihuwa ba, yanzu ga shi ta gani a waya tare da kowa. Da na ji Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, na ji muryarta tana sallama, sai da na so ƙasa ta tsage in shige. Daga unguwar Galtimari ta taso, da ciwon gwiwarta.

Na durƙusa na gaishe ta. "Hajja, sannu da hanya."

"Wushe, sannu 'yata," ta ce. Ta zauna kan tabarma, ta sha ruwa. Ina jiran faɗa, ko nasiha, ko sunan wani malami.

"A hoton nan na ga kowace mace da wata a gefenta," ta ce. "Ke kaɗai ce ba ki da kowa. Yaushe za ki koma? Ki biyo ki ɗauke ni."