Kakana Mai Nutson Lu'ulu'u

Wani ɗan ƙaho ne da bai kai tsawon yatsa ba, an tsaga shi biyu kamar abin maƙale shanya. A ƙasan akwatin gilashi na gan shi, a wani gidan kayan tarihi a nan Kuala Lumpur, ranar da na fara fita da 'yata bayan an sassauta dokar kulle. Ba shi muka je gani ba. Yarinyar ce ta gaji da zaman bene a unguwar Setapak, inda muka yi watanni daga ni sai ita. Mahaifinta yana can gida, an rufe hanya ya kasa dawowa, karatun da ya kawo ni kuma ya koma cikin kwamfuta. Da aka ce an buɗe gidajen tarihi sai na ɗaura mata takunkumi na ɗaura nawa, muka hau jirgin ƙasa na cikin gari. A ƙofa aka auna zafin goshinmu, aka ce kada mu matsa kusa da kowa. Babu ma wanda za a matsa kusa da shi.

Ɗakin lu'ulu'u yana sama, ga sanyi ga ƙarancin haske. Akwai sarƙoƙin sarakunan Indiya na da, igiya kan igiya har su rufe ƙirji. Akwai 'yan kunnen matan Farisa masu lilo, da abin adon ka na amaren wannan ƙasa. Wasu ƙwayoyin tsufa ya rina su, sun daina fari sun koma ruwan ƙasa-ƙasa. Kowane abu da 'yar takardarsa a gefe, an rubuta sarkin da ya mallake shi da matar da ta sa shi. 'Yata tana ta yawo daga wannan gilashi zuwa wancan, tana tambayata da Turanci wanne na fi so. Can a lungun ƙarshe aka ajiye kayan masu nutso: dutse ɗaure da igiya, kwandon saƙa, sai ɗan ƙahon nan. Takardar ta ce da shi suke matse hanci. Ni ba sai an gaya mini ba. Na san shi tun ina ƙarama, a wuyan kakana.

Ka san irin ƙauyukanmu na arewacin Kano, inda babu kogi balle teku. Ruwanmu rijiya ce mai zurfi, sai kududdufin bayan gari inda aka ɗebi ƙasar gini tun kafin a haife ni. A nan kakana na wajen uba ya tsufa. Baba Tsoho muke ce masa. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ba ya ji, idanunsa kullum jajaye suna ruwa kamar wanda hayaƙi ya dama. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma ja na a jiki a gaban mutane. A ɗakin kakata, wadda muke kira Iya, na tashi, kuma a gindin tabarmar Baba Tsoho nake wuni. Amaryarsa yake ce mini, yana tsokanata wai ban iya tuwo ba zai sake ni.

Sana'arsa tufkar igiya. Da rani zai zauna a inuwar ceɗiyar ƙofar gida da ramarsa, yana murzawa a cinya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar rama yana tashi. Ba ya ba wa kowa igiya sai ya ɗaura ta a reshe ya rataya da dukan nauyinsa. Mutane suna yi masa dariya a kan haka, shi kuwa ko a jikinsa. Alhaji ne, amma ba kamar sauran alhazan garin ba, waɗanda ko ba a tambaye su ba sai sun ba da labarin Makka. Abin da muka sani kawai shi ne ya tafi a ƙafa yana saurayi, shi da wansa, ya daɗe ƙwarai, ya dawo shi kaɗai. Ba ya cin kifi. In an sa busasshen kifi a miya, tukunyarsa daban ake yi. Ɗan ƙahon yana rataye da tsirkiyar fata a ƙarƙashin rigarsa, mu yara mun ɗauka laya ce.

Wata Sallah babanmu ya sayo mana sarƙoƙin roba farare daga birni, ni da ƙanwata, mai tallar ya ce masa lu'ulu'u ne. Muka ruga muka nuna wa Baba Tsoho. Ya karɓi tawa ya goga ƙwaya ɗaya a haƙorinsa, ya yi murmushi, ya mayar mini a wuya. Ya ce, "Wannan ta fi ta gaskiyar, amarya. Babu wanda ya mutu a kanta." Ban gane ba, ban kuma tambaya ba, hankalina yana kan zuwa yawon Sallah.

Damina ita ce lokacin da garin yake canja kama. Ƙasa ta yi ƙamshi, gero ya rufe hanyoyi, kududdufi ya cika ya batse, kwaɗi su hana kowa sakat. Sai kainuwa ta bi ta lulluɓe ruwan, kore shar, in ba ka sani ba sai ka rantse fili ne mai ciyawa. Maza duka sukan fita gona da sassafe, gari ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi.

A irin wannan hantsi ne muka ji ihu daga bayan gari. Ina tsakar gida ina taya Iya tsince wake. Ƙanwata, wadda ba ta daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, ta bi 'ya'yan agwagwa har bakin ruwa, ta taka kainuwa. Matan da suke wanki a ɗaya gefen sun ga shigarta, ba su ga fitowarta ba. Kafin mu isa mata sun cika wurin, wasu suna zura gora, wasu sun tura a kira maza daga gona, gonakin kuma da nisa. Inna tana tsaye ruwa ya kai mata gwiwa, mata biyu sun riƙe ta.

Ban ga zuwan Baba Tsoho ba. Na dai gan shi yana tuɓe riga a gaban mata, abin da bai taɓa yi ba. Ranar na fara ganin bayansa, duk tabo ne dogaye, wasu farare wasu baƙaƙe. Ya tambayi daidai inda ta shiga, aka nuna masa. Ya ɗaga ƙahon nan ya maƙala a hancinsa, ya ratsa kainuwa har ruwa ya kai masa wuya, sai ya kifa kai ya ɓace. Kainuwar ta dawo ta haɗe kamar ba a taɓa ta ba.

Ya daɗe a ƙasa, daɗewar da ban san ɗan Adam yana iya yi ba, har Iya ta zauna daɓas a cikin taɓo ta ɗora hannu a ka. Sai ga shi ya ɓullo can tsakiya, ya ja numfashi da wani sauti kamar zugazugin maƙeri, ya sake komawa. Haka ya yi ta yi, yana fitowa yana komawa, kowace fitowa fuskarsa ta ƙara yin toka-toka. A ta ƙarshe ya fito da ita a kafaɗa, kitsonta cike da laka. Ya kwantar da ita rub da ciki ya yi ta danna bayanta, ya juya ta ya hura mata baki, jini yana bin wuyansa daga kunnen nan mai ji. Sai da limamin gari, wanda shi ma tsoho ne, ya dafa shi ya ce ya bari haka nan, sannan ya bari.

Aka yi mata sutura kafin azahar. Inna da hannunta ta taya wanka. Ba ta yi kururuwa ba, amma daga ranar ta daina cin abinci. Ta zauna a ɗaki fuskarta ga bango, masu gaisuwa suna shiga suna fita, ƙwaryar fura tana wuni a gabanta har ta yi tsami.

Bayan sadakar bakwai, wata la'asar, Baba Tsoho ya dogara sanda ya zo ƙofar ɗakinta. Wanda ya san kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa a wancan zamani zai san girman wannan abu. Tun da aka kawo Inna gidan bai taɓa taka wannan sashe ba, ita kuma ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ta durƙusa daga cikin ɗaki ta kau da kai. Ni ina bayanta a kan gado. Ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya fara magana da ƙarfi, don yanzu ko muryar kansa ba ya ji sosai.

Ya ce da suka kai bakin Bahar Maliya, shi da wansa, guzuri ya ƙare, babu abin ƙetarawa. Sai suka shiga jiragen masu neman lu'ulu'u kamar yadda takari da yawa suke yi. Ana nutsa ne a tsinto wani abin ruwa mai ɓawo biyu, irin makankarin da ake kankare tukunya da shi, a cikinsa ake dacewa da ƙwayar. Mutum ɗaya ya taka dutse ya nutsa da kwando, ɗaya ya riƙe masa igiya daga sama, in ya ji an girgiza ya jawo. Shi da wansa karɓa-karɓa suke yi, kuma duk zamansu a can bai taɓa riƙe lu'ulu'u a tafin hannunsa ba, a gaban mai jirgi ake fasa ɓawon, shi yake kwashewa. Wata rana wansa ya nutsa, shi yana riƙe da igiya. Ya jira girgiza bai ji ba. Da ya jawo sai kwando ya taso cike, babu mutum. Ya faɗa ruwa ya yi ta nema har kunnensa ya fashe, aka fizgo shi da ƙarfi. Mai jirgi ya sa aka fasa abin da ke cikin kwandon tare da sauran, aka ja jirgi aka ƙara gaba.

Ya share ido da hannun riga. Sannan ya ce, "Yarinya, ban zo in hana ki kuka ba. Amma ke kin wanke taki, kin ga an ɗauke ta, kin san inda take kwance. Ni hannu rabbana na dawo wa uwata, ko gawarsa babu. Har ta koma ga Allah, in ta ji sallamar baƙo a zaure sai ta miƙe tsaye."

A lokacin haushinsa na ji. Gani nake wane irin lallashi ne wannan, a ce wa uwa ta gode don ta ga gawar 'yarta. Inna kuwa sai kukan da ta riƙe tun ranar ya ƙwace mata, shi kuma ya zauna a kan turmin har ta yi mai isarta. Da magariba ta karɓi kunu daga hannun Iya. Baba Tsoho kuwa bai sake lafiya ba. Ruwan kududdufin ya zauna masa a ƙirji, tari ya kama shi, bai ga wata daminar ba. Ƙahon ya zauna a adudun Iya, daga baya ban san inda ya shiga ba.

Inna ta rasu a shekarar farko ta annobar nan, lokacin da tsofaffi suke ta tafiya a gida ɗaya bayan ɗaya. Zazzaɓi ne da sarƙewar numfashi, babu wanda ya faɗa mana sunan ciwon. Da ƙanena ya kira ni, rana ta fara yin sanyi a nan, can kuma hantsi ne, har sun dawo daga maƙabarta. Maƙwabta ne suka yi mata wanka. Babu jirgi, babu hanya. Ko matan Hausawan da muke karatu tare ba su samu zuwa gaisuwa ba, sai ta waya, ɗaya ta aiko da abinci aka rataye mini a ƙofa. Har yau in waya ta yi ƙara na ga lambar gida ce, akwai wani abu a cikina da yake shirin jin muryarta.

Ban san na daɗe a gaban gilashin ba sai da mai gadin ɗakin, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta zo ta tsaya daga nesa don ta ce lokacinmu ya cika. Da ta ga takunkumina ya jiƙe sai ta fasa, ta yi mini alama da hannu in tsaya abina. 'Yata ta riƙe mayafina tana tambaya me ya faru. Na fara ba ta labarin da Hausa, rabi ta gane, rabi sai da na juya mata da Turanci. Da na gama ta tambaye ni ko kakan nawa ya yi arziki da lu'ulu'un. Na ce mata a'a.

Ƙauyen namu yanzu ya zama gari. An cike kududdufin da shara, an yi shaguna a kai. Famfon burtsatse ya kashe rijiya, babu mai tufka igiya kuma. Maƙabartar da aka sa ƙanwata da Baba Tsoho ta cika tuntuni, an buɗe sabuwa a hanyar gona, can Inna take. Na roƙi ƙanena in Allah ya buɗe hanya na dawo ya kai ni, ko daga bayan katanga ne ya nuna mini da yatsa. Ya ce ya kafa fasasshen tulu a wajen kanta, amma a wannan shekarar an binne mutane da yawa a layin, ruwan sama kuma yana ta baje ƙasar. Ya ce in yi ƙoƙari in zo kafin wata daminar, yana jin har zuwa lokacin zai iya gane wurin.